Baƙin Allona da Mai Gyaran Kawo

Na sha jayayya kafin na zaɓi Linux a matsayin manhajar da za ta riƙa tafiyar da kwamfutata. Abokan karatuna na digiri na biyu duk Windows suke amfani da ita, suna yi mini dariya wai na koma zamanin tafireta. Ni kuwa aikina lissafi ne mai nauyi, ina rubuta manhajar da ke auna yadda ruwan kogin Kaduna ke tashi idan damina ta kankama. Tsohuwar kwamfutar da Baba ya bar mini bayan ya yi ritaya ba ta da wani ƙarfi, kuma da Linux ne kaɗai take jan lissafin ba ta tsaya ba. Watanni na kwashe ina rubutu a baƙin allon Linux mai fararen haruffa. Babi ɗaya ya rage in miƙa aikin.

Sai ramin cajar kwamfutar ya lalace. Na kai ta wani shagon gyara kusa da tashar Kawo, na ajiye ta da jakarta, na ce wa mai shagon, "Malam, wajen caja kawai. Kada ka taɓa komai."

Bayan la'asar na dawo, na tarar da shi yana washe baki.

"Yallaɓai, Allah ya taimake ka. Bairos ya cinye ta, ko hoto babu, sai wani rubutu kamar na aljanu. Na goge ta tas, na sa maka Windows sabuwa. Haka muke wa kowa, kyauta ne."

Ka goge me? Wallahi ban san lokacin da na haye teburinsa ba. Na shaƙe wuyan rigarsa, na buga kansa da kantar shagon, wayoyin mutane suka zubo ƙasa. Shi ma ba rago ba ne. Ya rarumo ƙarfen liƙin waya mai zafi ya ɗana mini a hannu, na ji ƙaurin fatata, na kai masa naushi a baki. Muka faɗo waje cikin kwata muna birgima. Direbobi da masu talla suka taru, wani ya riƙe ni ta baya, wani dattijo yana ta "Haba samari! Ku ji tsoron Allah!" Ni ina ihu, "Jaki! Wa ya aike ka? Wa ya sa ka?"

Da aka zaunar da ni a benci, hannuna na raɗaɗi, sai na tuna ina da kwafin aikin a filashi, ɗan abin adana bayanai, cikin aljihun jakar. Sanyi ya ratsa ni. Na fizgo jakar na zazzage, babu.

"Ina filashina?"

Ya tofar da jini, ya nuna teburi da haɓa, ya ce, "Nawa ya ƙone. Naka na goge, da shi na sa maka Windows ɗin."