Takardar Kwinin da Na Yaga

Shekarun baya ina da ɗan kemis a Aliero, bayan wata shida kacal da na yi ina koyo a wani shago a Jega. Mutane na kirana likita, ni kuma ban taɓa gyara musu ba, har kaina ya kumbura.

Ana tsakiyar cirar albasa kawuna ya zo daga Gumbin Kure, zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi. Ya ce ba shi da mako guda na kwanciya, albasarsa za ta lalace a gona, in ba shi magani mai ƙarfi. Na ɗauko kwinin, maganin nan mai ɗacin tsiya da asibiti ke aunawa da taka-tsantsan. Da yake shi da matarsa ba sa karatu, sai na yi yadda muka saba, na ja layuka a bayan takardar maganin, kowane layi ƙwaya ɗaya. Maganin mako na cusa shi cikin kwana biyu, ina jin ni gwani ne.

Kashegari matarsa ta kira ni ta ce kunnuwansa na ta ƙara, yana amai. Na yi mata dariya, na ce haka kwinin yake idan yana aiki, kar ta kuskura ta tsallake layi ko ɗaya. Ba ta tsallake ba. A rana ta uku ya tashi yana tambayar me ya sa gari bai waye ba, alhali hantsi ya yi.

A asibitin Jega likita ya ce kwinin ne ya yi yawa ya taɓa jijiyar ido. Ya nemi takardar. Tana aljihuna, don ni na ɗauke ta daga ɗakin kawu kafin mu tafi asibiti, kuma a ranar na yayyaga ta. A gaban dangi na ce matar ce ta ninka, ban ce ta ba shi haka ba. Tana kuka tana rantsuwa da Allah, ni kuwa na ce mata jahilci ba hujja ba ne. Dangi suka yi mata ca. Kafin wata ya ƙare kawu ya sake ta, ta bar 'ya'ya huɗu, tana ɗauke da sunan wadda ta makantar da mijinta. Bara ta rasu a garinsu, ban je gaisuwa ba saboda kunya.

Na rufe kemis, amma abin bai bar ni ba. Don Allah masu sayar da magani, kada gaggawar mara lafiya ta sa ku ƙara abin da aka auna, kuma in kun yi kuskure ku faɗa tun mai haƙƙi yana raye. Har yau idan na je gaishe da kawu, sai ya laluba hannuna ya riƙe ya ce, “Ɗana, da ta bi layukan da ka ja, da yanzu ina ganinka.”