Kabarin Sarkin Habasha da Gawon Maƙabartarmu

Jiya ina zaune da Baffa Sule, ƙanin marigayi mahaifina, a ƙauyenmu kusa da Minjibir, ina nuna masa hotunan zuwana Habasha. Muka zo kan kabarin wani sarkinsu: sassaƙaƙƙen dutse a cikin coci mai ƙubba, masu ziyara duk sun tuɓe takalma a ƙofa.

"Har da sunansa a jiki?" in ji Baffa.

Na ce har da na matarsa.

"Mu kuwa bishiyar gawo ce shaidarmu. Taso mu je wajen Yaya tun ƙafata na ɗaukata."

Muna yara, kowace Sallah Baffa kan jera mu gabas da gawon nan mu yi wa Baba addu'a. Da muka isa maƙabartar jiya, babu gawon. An sare shi, har kututturen an haƙe.

Baffa ya daɗe tsaye, sandarsa ta nuna nan, ta nuna can.

Can ya ce, "Ɗaga hannu kawai, ɗana. Duk wanda ke kwance nan namu ne."

Haka muka yi wa maƙabartar baki ɗaya addu'a.

Ku fa, da me kuke gane makwancin mamatanku?