Jar Akuyar da Na Kai wa Hajiya

Ba zan taɓa manta wata Talata ba, ƙarfe goma da kwata na safe. Ina gidanmu a Urafane, na fito daga wankan jego jikina na tururi, sai wayata ta yi ƙara. Ƙawata ce daga Maraɗi, tana ihu wai sunana ya fito, na ci jarrabawar shiga makarantar horon malamai. Inna ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa ban taya ta murna ba, don ranar da aka ce mu je ta faɗo cikin makon da na yi wa Hajiya alkawarin komawa aiki.

Hajiya ita ce mai shagon littattafai da kayan lakkwal, wato makaranta, da nake yi wa aiki a Tasawa. Bafillatana ce 'yar Korgom, faɗa da dariya duk a baki ɗaya take yin su. Malama Shiru take ce mini, don in babu masu saye nakan laɓe bayan kanta da littafi. Da cikina ya yi nauyi ta ce in tafi gida, albashina na wata uku zai riƙa iske ni, amma in dawo kafin a buɗe lakkwal, lokacin da shago ke cika. Magana ce kawai ta baki, kuma ta cika tata. Duk ƙarshen wata mai kabu-kabu na kawo mini kuɗin.

Kuɗin kuwa sun tafi a itacen dafa ruwan wanka, da geron kunu, da nama, wani abu ya shiga ragon suna. Geron maigidana bai nuna ba. Na auna na sake aunawa, abin da na gani shi ne ko in mayar wa Hajiya kuɗinta, ko in koma shago in haƙura da karatun. Hajiya ta yi ta kira, ina kallon wayar har ta katse. Yau in na tuna kunya nake ji, amma a lokacin bakina ne ya yi mini nauyi.

Abu ɗaya na mallaka, jar akuyar da kakata ta ba ni ranar aurena. Da na kwance ta Inna ta ce, "Da ciki fa take, 'yar nan." Na ce na sani. Na goya jaririya, aka ɗaure akuya saman motar kasuwa, duk hanya ina maimaita abin da zan faɗa.

Na iske shago cike da iyayen yara. Kafin in gama sallama akuyar ta miƙa wuya ta kama bangon wani littafi tana tauna. Hajiya ta dubi akuya, ta dube ni, ta ce, "To, wannan kuma wane aji za ta shiga?" Shago ya kwashe da dariya. Duk jawabin da na haddace ya gudu.

Ta karɓi jaririyar, ta ja ni bayan kanta. Ina kallon ƙasa na ce, "Hajiya, ba zan samu dawowa ba. Ga akuya, sauran in an yi girbi."

"Tun makon jiya na ji," in ji ta. "A bakin mai kabu-kabu na ji, Malama Shiru. Wannan ne ya ɓata mini rai. Ke a ganinki littattafan jarrabawar nan da kike karantawa a ɓoye, wa ke sayensu a garin nan? Don wa na sa aka kawo su?"

Hawaye suka zubo mini. Duk da haka na ce alkawari na yi, kuma ba zan iya zama a aji da haƙƙinta a kaina ba. Ta yi tsaki, ta miƙo mini 'yar, ta fita wajen akuyar. Ta buɗe mata baki ta duba haƙora, ta shafa cikinta, kamar mai ciniki a kasuwar dabbobi. Ta daɗe riƙe da igiyar.

A wurin nan na koyi cewa shirun da nake ɗauka ladabi ne yana iya yi wa mai ƙaunarka ciwo fiye da maganar da kake tsoron faɗa. Na kuma ga yadda mutum ke karɓar haƙƙinsa ba tare da ya karya na ƙasa da shi ba.

Ta dawo ta ɗora igiyar a tafin hannuna ta ce, "Na karɓa, akuya ta zama tawa. Yanzu na ba ki aronta irin namu na Fulani. Ki mayar wa innarki ta kiwata. Abin da ta haifa na jaririyar nan ne. Uwar kuma ki kawo mini da kanki ranar da aka ba ki ajinki. Kuma in na kira, ki ɗauka."