Awo Biyu a Kwanso Ɗaya

A duk kwarinmu na Montana an san ƙa'idar: mutum ba ya harba harsashin da wani ya ɗura. Harsashin da Delbert Haugen ya ɗura kaɗai aka ɗauke wa ita.

Makiyayin shanu ne, mai gajeren zance, ba ya fashin majami'a. Tun yana saurayi yake narka darma a rumfar bayan gidansa, ya zuba a mazubi, ya shafa wa kawunan harsashin kakin zuma, sannan ya dasa su a tsofaffin kwansunan tagulla. Ba ya son harsashi mai hargowa. Cewa yake yi barewa ba ta san bambanci ba, kafaɗar maharbi ce ke sani. Shi ya sa tsofaffi da matan da suka gaji manyan bindigogi suke zuwa wurinsa, su tafi da abin da ba zai kaɗa musu haƙora ba.

Sai dai sassaucin nan da haɗarinsa. Kwanson babba ne, albarushin ɗan kaɗan can ƙasa, ko awo biyu aka zuba ba zai cika ba. Don haka kafin a dasa kai, sai an jera kwansunan, an haska tocila, an leƙa su ɗaya bayan ɗaya. Da yanar ido ta fara rufe wa Delbert gani, matarsa Verna ce ta karɓi leƙen, ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Ko 'ya'yansu ba su sani ba. Shi kuwa tsoron wuƙar likita yake yi.

Da Verna ta rasu, Allah ya jiƙanta, ya ci gaba da haska tocilarsa shi kaɗai, yana ganin abin da ya samu ya gani.

Lokacin haihuwar shanu, amininsa kuma maƙwabcinsa Lyle Stroud ya zo da libarbar mahaifinsa, wata babbar bindigar hannu. Diloli sun dame shi a garke, ga sanyin ƙashi ya cinye masa wuyan hannu.

"Ɗura mini na tsofaffi, Del. Irin wanda kake yi wa matan majami'a."

"Nasu ya fi ƙarfinka," in ji Delbert.

Lyle ya ga yadda yake kai ma'auni har bakin hancinsa, ya tambaye shi ko yanzu shinshina albarushin ake yi. A nan ne ya kamata Delbert ya faɗa masa gaskiya. Sai ya yi dariya, ya zuba masa kofi, ya ɗura masa harsashin.

Libarbar ta tarwatse a hannun Lyle a bakin garkensa, ta tafi da babban yatsa da manuni na dama. Duk wanda ya je duba shi asibiti, Lyle ya ce masa tsufa ne ya ci ƙarfen. Delbert ya jira ɗakin ya watse.

"Ba ƙarfe ba ne. Awo biyu na zuba. Ba na gani, Lyle."

"Na sani, tsohon makaho. Rufe bakinka ka miƙo mini ruwa."

Hannun da babu babban yatsa ba ya jefa igiya, ba ya jawo ɗan maraƙi daga cikin uwarsa. Kafin sanyi ya shigo, Lyle ya sayar da shanunsa ya koma birni gidan 'yarsa.

Delbert ya je aka cire masa yanar. Da safe aka yi, da rana yana gida. Sannan ya bi gida gida ya karɓo duk harsashin da ya taɓa ba wani, yana faɗin dalili a kowace ƙofa. Ya cinye lokacin sanyin nan yana zare kawuna, yana auna albarushi da sababbin idanunsa. Bai samu ko ɗaya mai awo biyu ba.

Lyle ya yi ta bugo waya, wai yana koyon harbi da hagu, harsasan kanti kuma sun fi ƙarfin hannun.

"Yanzu da kake ganin ƙuda a kan tsauni za ka hana ni?"

Delbert sai ya tambaye shi lafiyar jikoki. A hankali Lyle ya daina roƙo, daga baya wayar ma ta ja baya. Ranar da aka kai Lyle makwancinsa, Delbert yana cikin masu ɗaukar akwatin. 'Yar marigayin ta gaya masa cewa babanta ya sayi mazubi da tukunyar darma, yana jiran Delbert ya zo ya nuna masa yadda ake yi da hannu ɗaya.