Tsinke Goma Sha Shida Zuwa Bawku

Ana sallame sallar asuba muka bar Salaga, ni da kocin ƙungiyarmu, a cikin wata tsohuwar lori mai bencin katako da ke zuwa Yendi. Tun da na dawo ake tare ni a hanya ana tambayar yadda aka yi, har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta a bar ni in huta.

Ga wanda bai san abin da ya fitar da mu ba, ƙungiyar ƙwallon zangonmu, wato unguwar Hausawan Salaga, ta hau gasar yanki a bana, bayan shekara da shekaru muna fama da wasan unguwa. Ni ne sakatarenta, don ni nake koyarwa a firamare kuma ni ke da alƙalami. Ƙwallo kam ban taɓa buga ta ta tafi inda na nufa ba. Takardar masu gasa ta zo da sharaɗi ɗaya da ya kashe mana jiki: ba mai shiga fili sai da takalmin ƙwallo. Mu kuwa 'yan wasanmu da tafin ƙafa suka kawo mu nan. Saura kwana goma sha biyu a fara. Jama'ar zango suka yi karo-karo, aka ce mu je Bawku, can ake samun gwanjon takalma da ke ƙetarowa daga Togo da araha.

Ko ɗaya daga cikin 'yan wasan bai san lambar ƙafarsa ba. Sai muka yi yadda iyayenmu suke yi in za a aika a sayo wa mutum takalmi: aka zaro tsinken tsintsiya, kowa ya taka, aka gwada daga dunduniya zuwa babban yatsa aka karya. Tsinke goma sha shida, kowanne na ɗaura masa 'yar takarda mai sunan mai shi, na haɗa na ƙulle na sa a jakata. Ranar ji nake duk Salaga ba wanda ya kai ni tsari.

A lorin muka tarar da wani dattijo ɗan zangonmu, baduku, za shi Bawku sayen fata. Shi ke yanka wa rabin garin takalman fata, shi ke ɗinke na sauran rabin in sun tsinke. Kuma shi ne mahaifin golanmu. Kowa ya san shekara shida ke nan ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa, tun da ɗan ya ajiye basilla ya bi ƙwallo. Har silifa ɗan ya koma sawa don kada wani abu ya kai shi rumfar uban. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya dubi ƙwallon da koci ya rungumo, ya kau da kai, ya ciro carbinsa.

Hanyar Bimbila a ƙarshen damina sai wanda ya bi ta. Lorin na tafiya tana rangaji, mu muna gwara kai da juna. Hagu da dama kunyoyin doya ne iya ganinka, kuma duk ƙauyen da muka tsaya sai an tura mana sabuwar doya ta taga, da arahar da in ka faɗa wa mutumin Kumasi zai ce ƙarya kake. A Bimbila muka sha koko da ƙosai mai zafi. Muna fita gari ruwa ya tsuge, tamfol ɗin lorin kuwa ya fi rariya ƙofofi. Kafin mu isa Yendi duk abin da ke jakata ya jiƙe sharkaf.

Mun sauka gidan wani malami, abokin mahaifin koci, a cikin zango. Ko hutawa ba mu yi ba muka nufi filin makaranta, don ƙungiyar Yendi na rukuni ɗaya da mu, kuma an ce da la'asar suke atisaye. Muka raɓe gindin wani mangwaro kamar masu jiran mota. Jama'a, in gaya muku gaskiya, suna da gudu, kuma ɗan gabansu na dama ba a ba shi fili. Amma bayansu a buɗe yake. Ɗan tsakiyarsu mai nauyi ne, in ya juya sai ka sha shayi kafin ya gama. Koci yana ta mintsini na yana raɗa min cewa mahaucinmu mai buga lamba tara zai yi kalaci da wannan. Na auna mu da su a raina: tsakiyarmu ta fi tasu haƙuri da ƙwallo, bayanmu na hagu ne kawai ke ba ni tsoro, gola kuwa ba su da kamar namu, ban ma ga mai kamarsa a yankin nan ba. Farin ciki ya cika ni har na manta ɓoyewa nake, na tafa da aka zubar da wata ƙwallo.

Wani mai shayi a bakin filin ya gane mu.

"Ku mutanen Salaga ne ko? An ce ku ƙafa banza kuna buga. Ku zo, za mu taka ku sosai."

"Ka ajiye mana shayi mai madara," in ji koci, "na murna za mu sha."

Da muka koma masauki na tuna da tsinkayena. Takardun sun jiƙe, tawada ta fara narkewa. Sai na kwance su na shimfiɗa a kan dakalin da ke gefen murhu don ɗumin wuta ya busar da su, na tafi na ci tuwon zafi da miyar ayoyo, na kwanta ina lissafin ƙwallayen da za mu ci bana.

Da safe na fito, dakali wayam. Uwargidan malam na tsugune tana fifita wuta, ruwan wankanmu yana tafasa.

"Mma, ba ki ga wasu tsinkaye a nan ba?"

"Wanda yana da takarda ɗin? Ai itace duka ya jiƙe, Ticha. Shi na sa, wuta ya kama da kyau. Allah ya yi maka albarka."

Na leƙa murhu. Na ga ƙarshen wani zare yana ci. Ban san sa'ad da na zauna a ƙasa ba. Baiwar Allah ba ta da laifi ko kaɗan, duk wanda ya ga tsinke da takarda a gefen murhu abin da zai yi ke nan. Koci ya zo ya tsaya a kaina, bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na ji sauƙi. Komawa Salaga kwana biyu ne da kuɗin mota, kasuwar Bawku kuma kwana uku-uku take ci, in muka rasa ta gobe lokaci ya ƙure. Muka ce mu tafi, ma saya da ka, wanda ya yi daidai ya yi. Na hau mota zuciyata a dagule, ina hango mutum goma sha shida suna ɗingishi a ranar farko duk gari na kallo, sunana a bakin kowa.

Daga Yendi muka bi ta Gushegu da Nalerigu, dattijo baduku ma mota ɗaya muka sake shiga da shi. Ƙasa ta sauya, doya ta ragu, dawa da gero suka karɓe, ga kaɗanya ko'ina, ga zabi suna tsallaka hanya kamar su suka yi ta. Ban ji daɗin komai ba sai da muka iso gangaren Nakpanduri. A nan direba ya ce kowa ya sauka ya taka, don birkinsa ba na wasa da wannan dutse ba ne. Wurin yana da kyau har na ɗan manta damuwata: ka tsaya a bisa, ƙasa ta shimfiɗe kore shar har inda ido ya gaza.

Muna gangarawa, dattijon na bayanmu, sai ya yi maganarsa ta farko tun Salaga.

"Kai, mai ƙwallo. Ƙafarka ta hagu ta fi ta dama tsawo da rabin yatsa. Shi ya sa kake cinye gefen takalminka."

Koci ya dubi ƙafarsa. Ni na dubi dattijo. Nan da nan na matsa kusa da shi.

"Baba, mahaucin bakin kasuwa fa, ka san tasa?"

"Taƙi ɗaya da yatsu uku. Faffaɗa ce kamar faranti."

"Telan kusa da masallaci?"

"Taƙi da biyu. Dunduniyarsa siririya."

Na dinga jero su, yana ba ni amsa ko tsayawa tunani ba ya yi. Na kusa rungume shi a tsakiyar hanya. Da na gaya masa abin da ya same mu, sai ya yi tsaki ya ce shi ba ruwansa da wasan banza, amma ba zai zuba ido kuɗin talakawa ya tafi a iska ba. Mutum ɗaya ne ban ambata ba. Koci ya ja ni gefe ya ce kada in soma, shekara shida rabon tsohon nan da taɓa takalmin ɗansa, na gola sai dai mu yi canke. Wannan ya rage min murna, don in ƙafar gola ta matsu, mu duka mun matsu.

Bawku ranar kasuwa duniya ce. Albasa tuli-tuli har ƙamshinta ke maka maraba, shanu da tumaki daga Burkina, kekuna da atamfofi daga Togo, ana ciniki da Kusasanci da Mosanci da Hausa da Faransanci a baki ɗaya, kuɗin sidi da na sefa suna yawo hannu da hannu. Muka ci gasasshen zabo da yaji, wanda rabon da in ci irinsa na manta. A layin 'yan gwanjo muka sami wani Bamoshe da buhu uku na takalman ƙwallo, ya zazzage mana su a tabarma. Lambobin jikinsu wasu sun goge, wasu na ƙasashen da ba su yarda da juna ba. Ko da tsinkayena na nan da sai mun sha wuya.

Dattijo ya naɗe hannun riga ya zauna. Ya ɗauki takalmi, ya buɗe taƙinsa a tafinsa, ya zura yatsu ciki, ya lanƙwasa, ya ce na mahauci, ya jefa min in rubuta. Wani ya shinshina ya yar, ya ce wannan ba fata ba ce. Mai kaya ya riƙe baki.

"Baba, kai wane ƙungiya kana koyarwa?"

"Allah ya kiyaye," in ji dattijo.

Da aka cika sha biyar, ni da koci muka miƙe mu yi canken na gola. Shi kuwa bai tashi ba. Ya sa aka zazzage ragowar buhu na uku, ya yi ta tona, ya ɗauka ya ajiye, har rana ta karkata. Daga ƙarshe ya ware wani baƙi mai laushin fata, ya daɗe yana shafa cikinsa, ya miƙo min bai ce na wane ba ne. Ni ma ban tambaya ba. Sannan ya tafi sayen fatarsa.

Mun dawo tare da dattijo ta Bolga da Tamale, hanya ta fi tsawo amma ta fi mutunci. Muna sauka Salaga labari ya riga mu, filin makaranta ya cika kamar ranar salla. Na buɗe buhu ina kiran suna. Mahauci ya zura, ya miƙe, ya buga ƙasa, ya yi ihu. Tela haka. Biyu ne kawai suka ɗan matse, dattijo ya ce a kai masa rumfa ya buɗa su. Gola ne na ƙarshe. Ya sa, ya ɗaure, ya yi tsalle hagu ya yi dama, ya ce kai Ticha, kamar a ƙafata aka ɗinka shi, tsinken nan ya yi aiki. Na ce tsinke na cikin murhu a Yendi, babanka ya zaɓa.

Ban iya haƙuri ba, a gaban ɗan na tambayi tsohon yadda aka yi ya sani.

"Ba a ƙofar masallaci yake cire silifansa ba? Ni nake ƙarshen shiga. Kullum sai na gan su." Ya gyara hularsa. "Bara ya ƙara rabin yatsa. Ta dama tana cin ciki, a gaya masa ya daina jan ta."

Gola ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana kwance igiyar da ba ta buƙatar kwancewa. Ni kaina sai da na juya ina gyaran buhun da ba komai a ciki.

Abin da tafiyar nan ta koya min, ban da kada in ƙara shanya komai kusa da murhu, shi ne na yi shekaru ina rubuta sunayen magoya bayan ƙungiyar nan, ashe wanda ya fi kowa sanin 'yan wasanmu bai taɓa shiga littafina ba. Game da gasa kuwa, ku rubuta ku ajiye: in bayanmu na hagu ya nutsu, kuma ƙafafun nan suka saba da takalmi kafin Lahadi, ba na jin tsoron Yendi, ba na jin tsoron kowa.

Jiya da la'asar na je atisaye. A bayan raga, daidai inda gola ke tsayawa, na tarar da dattijo ya shimfiɗa buzunsa, ga basilla ga zare a gabansa. Na gaishe shi na ce Baba, yau kallo aka zo? Ya ce shi ba kallo ya kawo shi ba, gwanjo ba shi da tabbas, wani na iya yagewa. Har aka tashi ba takalmin da ya yage, shi ma bai tashi ba.