Gangar Baba da Wayoyin Gari

Daminar da na gama aji huɗu a lakwal, ranar wata gayya a bayan Kanan-Bakashe, na fara ganin an ɗauki muryar mutum an sa a aljihu. Babana makaɗin noma ne. Yana bin samari da ganga a rataye, yana kiran sunan kowa da na kakansa, hauyoyi na tashi suna sauka tare. Mu 'yan mata mun sauke ƙoren fura a inuwar aduwa, muna korar awaki. Sai wani ɗan kabu-kabu da ya kawo baƙo ya miƙa wayarsa kusa da bakin Baba, ya riƙe har waƙar ta ƙare.

Kafin a yanke gero, waƙar ta zaga ko'ina. Masu cajin waya a kasuwa suna zuba ta a kat memuwa, wato katin ajiya na waya, haɗe da waƙoƙin Najeriya da na Indiya, samari na tura wa juna ta bulutut. Na ji ta a bakin rijiya muna jan guga, na ji ta wajen Fulanin da ke kawo mana nono. Da aka koma lakwal ana nuna ni, ni kuwa har da ɗaga kai.

Damina ta gaba aka rage kiran Baba. Mai gona sai ya ari sifika ya ɗaure a amalanke, ya huta da ba makaɗi dami. Rumbunmu bai kai mu bazara ba, Inna ta fara tuyar ƙosai a ƙofar gida, ni ke kai talla. Ƙanenta, Kawu Sani, da ke karatu a Tasawa, ya zo hutu ya ce akwai dokar da ta hana kwafar waƙar mutum ba da izininsa ba, a kai ƙara. Baba ya ce, "Wa zan kai, Sani? Duk garin ne, har da kai." Baba bai yi faɗa da kowa ba. Ya rataye gangar a zaure, ya bi 'yan cirani.

Yau ina Maradi, ina biyan abonema, wato kuɗin manhajar jin waƙa a waya, duk wata, ina sauraren mawaƙan ƙasashen da ban taɓa takawa ba, an ce kuma wani abu daga kuɗin na isa hannunsu. Na nemi sunan Baba a ciki, babu. Bayan rasuwarsa na tambayi mutanen gari, kowa ya ce katinsa ya ɓata ko wayar ta mutu tun tuni. Waƙar da kowa ya samu kyauta, ba wanda ya adana ta.