Naidan na Bakin Hanya

'Ya'ya huɗu uwar Naidan ta binne kafin ta haife shi. Shi ya sa ranar da ya zo duniya kakarsa ta naɗe shi a bargo ta ajiye a bakin hanya, yadda ake yi a ƙauyukan ƙasar Sabiya don a ɓatar wa mutuwa sawu. Wanda ya fara wucewa, shi zai raɗa suna. Wani farken gishiri ne ya ɗauke shi, ya ce a kira shi Naidan, wato tsintacce.

Dabarar kuwa ta ci. Naidan ya tsufa yana kiwon ƙudan zuma, 'ya'yansa da jikokinsa kuma, kowa da sunan zuriya Naidanovic, suka cika tudun da yake zaune da gidaje har sunan wurin ya koma Naidanovici, wato garin zuriyar Naidan.

In ya ɓata wa matarsa Smilya rai, takan ce, "Kai da aka tsinta a hanya, har kana da bakin magana?"

Sai ya yi dariya, ya nuna hanyar da sandarsa.

"Tsohuwa, tari duk mai wucewa ki tambaye shi ina ta nufa. Sunana zai faɗa miki."